Lallen Bayan Ɗakin Inna

A gidanmu na Gusau ruwan famfo yana da ranakunsa, kamar kasuwar ƙauye. Ranar da zai zo, tun ba a ga ɗigo ba bututu zai fara tari, ya yi shaƙuwa, ya huro iska mai warin tsatsa, sannan ruwa ya biyo baya jajir, a bar shi ya zuba har ya washe. Da wannan tarin na girma. Har yau in ina tsakanin barci da farkawa nakan ji shi, in ji ƙarar bokitai, in ji Inna tana kiran yayana ya zo ya kama mata randa.

Da sunansa take kiransa, gatsau, ba sakayawa. Matan unguwa sun daɗe suna yi mata tsiya a kan haka, domin a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Inna kuwa, mutuniyar Furfuri, wadda kunya ke hana ta tauna goro gaban baƙo, ita ce ke ƙwala wa Yaya kira har a jiyo a zaure. In an yi mata magana sai ta ce, “To, ku ku ji kunyar.” Mu dai mun ɗauka halinta ne.

A shekarar da abin nan ya faru Baba ya daɗe da rasuwa, Yaya yana aiki a Kaduna, ni ina aure a Tsafe, ina koyarwa a wata firamare. Inna ce kaɗai a gidan, daga ita sai kajinta. Ana tsakiyar bazara maƙwabciyarmu ta kira ni ta ce mako uku ke nan famfonmu sai tari, ba ruwa, alhali duk layin suna samu. Ta ce in 'yan garuwa ba su biyo ba, Inna da kanta take ɗaukar bokiti ta shiga maƙwabta, kuma jiya santsi ya kwashe ta a bakin ƙofa ta gurje gwiwa. Na kira Inna, ta ce sharri ake yi mata, zama ta yi ta huta.

Yaya ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa in ya yi ake shiga taitayi. Ya ce in nemo mai gyara, in kuwa wata ya ƙare ruwa bai dawo gidan ba, zai zo da mota ya ɗauke ta ta koma wurinsa gaba ɗaya, a sa wa gidan kwaɗo. Inna ta taɓa yin kwana tara a Kaduna, a bene hawa na biyu, ta dawo a rame, ta ce ƙafarta ba ta taka ƙasa ba ko sau ɗaya. Na san in aka raba ta da gidan nan ba za ta daɗe ba. Saura kwana goma sha biyu watan ya ƙare, na nemi izini a makaranta, na shiga motar safe.

Gidan ba shi da wuyar ganewa. Ka shigo zaure, ga tsakar gida, can ƙarshe ga madafi, famfo yana gefensa. Hannun dama fili ne da akurkin kaji. Hannun hagu ɗakin Inna ne, ginin ƙasa da aka shafe da siminti, a bayansa kuma akwai ɗan lungu tsakanin ɗakin da katanga, a nan lallen yake. Ya fi katangar tsawo. A bazara, lokacin da zogale ke tsayawa tsirara, awaki na cin takarda a bola, lallen Inna kore shar yake, in ya yi fure ƙamshin kan sauko tsakar gida da la'asar har mutum ya ji barci na fizgarsa. Mata kan zo roƙon ganyensa in za a sa amarya a lalle, suna cewa ya fi na kasuwa kamu. Inna ba ta hana kowa, amma ita ke shiga ta tsinko. Tun muna yara an hana mu wasa a lungun, an hana mu zubar da ruwan wanke-wanke a ciki. Ni na ɗauka maciji ne, Yaya ya ce aljanu ne, kowa ya riƙe nasa.

Mijin maƙwabciyarmu ne ya haɗa ni da mai gyaran. Dattijo ne Kirista, mutumin kudu, ya zo Gusau yana saurayi aikin ruwa, ya tsufa a nan, Hausarsa ta Zamfara har ta fi tawa nuna. A kan keke ya zo, da buhu ɗaure a baya, ciki akwai sifana da zarto da gwangwanin gam, sai wani dogon ƙarfe mai kan itace da ya ɗaura a jikin keken. Tare da shi akwai mai haƙa, wani magidanci mutumin Bilbis da ya shigo birni cin rani, yana saɓe da diga da shebur. Ni Baba nake ce wa mai gyaran, shi kuma ya ce mini Malama.

Ya durƙusa ya gaida Inna, ya buɗe famfo ya saurari iskar da ke ciki, ya ce bututun da ya ɗauko ruwa daga titi ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Ƙarfen nan mai kan itace da shi yake sauraron inda ruwa ke zuba, amma sai ranar da aka saki ruwa, ga shi yau Litinin, ranar ruwa kuwa Alhamis. Ya ce kafin nan, ƙa'idarsa ita ce ba ya sa diga a gidan mutum sai ya tambayi babba a gidan ta inda bututu ya bi, don ƙasa ba ta da takarda, tsofaffi ne takardarta.

“Inna, ta ina marigayi yab bi da shi?” in ji shi.

Inna ta ɗaga hannu ba tare da ta ɗaga kai ba, ta nuna wajen akurki. “Ta nan,” ta ce.

Mai haƙa ya yi bisimilla ya sara. Ƙasar bazara ce, diga na sauka tana tashi da ƙara kamar an bugi turmi. Na zauna a inuwar zaure ina kallo, zafi ya sa idona na lumshewa, ina buɗewa ina ganin abin da shebur ke fitarwa. Ya fito da fasasshen kasko, ya fito da ƙwallon goruba da ya yi baƙi, can ya fito da ɗan takalmin roba ja, ƙafa ɗaya, na yarinya. Nawa ne. Na tuna ranar da ya ɓace, na tuna dukan da na sha a kansa, na tuna Baba mahaifina yana zaune kan kujerar tsuguno yana cewa a ƙyale ni. Na riƙe shi a tafin hannuna, bai cika shi ba. Aka haƙa har ƙugu, ba bututu ba alamarsa.

Washegari Inna ta ce wataƙila gaba kaɗan ne. Aka matsa gaba, aka haƙa, babu. Ranar Laraba ta ce ta tuna, kusa da madafi ne, amma dai ta hannun daman. Mai haƙa ya goge zufa, ya sake sara. Kaji suka samu abin yi, suna hawa tulin ƙasa suna tono.

Ni kuwa Allah bai ba ni doguwar zuciya ba, barkono ake ce mini a gida. Da rami na uku ya kai gwiwa ba a ga komai ba, na tsaya a kan Inna na ce, “Inna, gonar rogo za mu mayar da gidan ne? Kwana uku bawan Allah yana fasa ƙasa a rana. Ke kin san Yaya ba ya magana biyu.”

Ta ce, “Tsufa ne, ɗiyata. Kai ya tahi.”

Wannan mata da ta san kowace kaza da uwar da ta ƙyanƙyashe ta, ta san ranar da aka yaye kowane ɗa a layin nan, ita ce wai kai ya tafi. Na ji haushi, na juya na nufi zaure kafin in faɗi abin da zan yi nadama. A nan na tarar da Baba mai gyara yana zaune kan buhunsa yana ɓare gyaɗa.

Ya ce, “Malama, zauna. Inna ba mantawa ta yi ba.”

Na ce, “To mene ne?”

“Wanda yam manta, ko'ina yake dubawa. Ita akwai inda ba ta dubawa. Kwana ukun ga ina lura da ita.” Ya miƙo mini gyaɗa. “Ki bari gobe ruwa ya zo, shi ba ya jin nauyin kowa.”

Alhamis da hantsi muka ji bututun maƙwabta ya fara tari. Baba ya ce a kashe rediyo, a rufe kaji, kowa ya tsaya inda yake. Ya ɗauki ƙarfensa, ya kafa tsininsa a ƙasa a bakin zaure, ya ɗora kunne a kan itacen, ya rufe ido. Ya jima a haka. Ya ɗaga, ya yi taku biyu, ya sake kafawa. Gidan ya yi tsit, har ina jin kurciya tana kuka a gidan da ke bayanmu, ina jin wake yana zuba a faifan Inna, don tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinta, ba ta kalli kowa ba. Hasken rana ya kwanta a kan ramukan uku. Baba yana tafiya a hankali ido rufe, kamar mai tafiya cikin barci, kuma kowane taku yana karkata hagu. Ya wuce gaban ɗakin Inna, ya zagaya, ya tsaya a bakin lungu.

“Inna, in shiga?”

Waken ya daina zuba. Can ta ce, “Ka tuɓe takalmanka.”

Ya tuɓe, ya ajiye su gefe ɗaya, ya shiga. Bai yi taku huɗu ba ya yafito ni. Ni ma na tuɓe nawa, ban san dalili ba. Shekara arba'in da wani abu ina 'yar gidan nan, wannan ne karo na farko da na tsaya a gindin lallen. Ƙasar wurin sanyi gare ta, tana lotsawa ƙarƙashin ƙafa. Gindin bangon ɗakin Inna ya jiƙe har kamu guda, simintin ya kumbura ya ɓanɓare, gansakuka ta bi tsagar. Baba ya riƙe mini ƙarfen, na ɗora kunne.

Da farko ban ji komai ba sai bugun jinina. Sannan na ji shi, can ƙasa, wani siririn sauti mai ci gaba ba yankewa, kamar ana hura wuta a hankali. Na rufe ido. Ƙamshin furen ya cika mini hanci, sanyin ƙasa ya hau ƙafafuna, sai na ji kamar gidan gaba ɗaya yana kan ruwa yana tafiya da mu sannu-sannu, da zauren da kajin da Inna da faifanta. Na ga Baba mahaifina yana alwala a bakin famfo, ruwa na bin gemunsa. Na ga ranar da aka sa ni a lalle, Inna ta fito daga lungun nan da ganye cike da ƙwarya, ta miƙa wa gwaggona, ta shige ɗaki ba ta sake fitowa ba sai magariba. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai da mai gyara ya taɓa ƙarfen na ɗago.

Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce nan ne, kuma ba yau ya fara ba. Ya ce 'yar ƙaramar huda ce ta shekaru, saiwar lallen ta bi danshi ta nannaɗe bututun, tsatsa ta ci, yanzu ya buɗe gaba ɗaya, duk ruwan gidan a nan yake tsayawa. Ya dafa bangon ya ce in damina ta same shi a haka, ɗakin ba zai kai kaka ba. Sannan ya sa takalmansa, ya ce wa mai haƙa su je zaure su sha iska.

Na zo na zauna kusa da Inna. Na yi niyyar faɗa, na nemi faɗan na rasa. Ta ci gaba da tsintar wakenta, kuma da ta fara magana faifan take kallo.

Ta ce shekararta ta farko a gidan nan ta samu ciki. Ana shirin in ya tsufa a mayar da ita Furfuri ta haihu gaban iyayenta, kamar yadda ake yi wa ta fari, sai haihuwa ta zo a wata bakwai, cikin damina, ruwa ya cinye hanya. Mace ce. Ta kwana uku, ta koma, ba a kai ga suna ba. A lokacin jariri irin wannan ba a kai shi maƙabarta, bayan ɗakin uwarsa ake sa shi. Baba mahaifina da wani maƙwabci suka haƙa, suka rufe, aka ce mata Allah ya ba da mai amfani, aka ci gaba da hidima.

“Ba a kukan ɗan fari,” ta ce. “Tsohuwar da ta zo wankana ta ce in na bari aka ga hawaye na ba gidanmu kunya. Ban yi ba. Da na gama wanka na samo reshen lalle na kafa, don kada wani ya taka.”

Na ce, “Ashe Yaya ba shi ne na fari ba.”

“Da shi ne, kin taɓa jin bakina ya kama sunanshi?”

Na ce, “Ita mene ne sunanta?”

Ta ɗago ta dube ni irin kallon da take yi mini in na yi wauta ina yarinya. Ta ce Baba ya raɗa mata suna a kunne, su biyu suka san shi, ɗaya ya tafi. Ban sake tambaya ba.

Maganar bututu kuwa, shekaru bayan haka ne, ta tafi Furfuri jinyar mahaifiyarta, Baba ya samu damar jawo ruwa. Yana wurin aiki masu haƙa suka duba suka ga ta lungun ya fi kusa, suka bi ta nan, kamu biyu tsakaninsu da wurin. Ya dawo ya tarar an rufe. Da ta dawo ta ga sabuwar ƙasa, ta dube shi, ya sunkuyar da kai, ba wanda ya ce uffan har ya bar duniya. Bayan rasuwarsa da kamar shekara ta fara ganin danshi a gindin lallen duk ranar ruwa.

“Na san bututu ne, ni ba yarinya ba ce,” in ji ta. “Amma sai na ji daɗi. Na ce ga shi ana shayar da ita ba da hannuna ba, ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Na yi shiru. Na san akwai haƙƙin na ƙasan layi da ruwa ke isa gare su da ƙyar, ina roƙon Allah gafara a kan wannan.” Ta kaɗe faifan. “Amma diga ba za ta sauka a wurin nan ba ina raye. In Kaduna ce, a kai ni Kaduna.”

Nan na fashe da kuka, ni da ban taɓa ganin yarinyar ba. Na ji tausayin Inna, na ji kunyar tsawar da na yi mata jiya, na kuma ji haushin duk shekarun da ta yi tana wucewa ta bakin lungun nan da baki a rufe. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma taya ni ba. Ta dai tura mini gefen zanenta.

Da na wanke fuska na je zaure, ban faɗa wa Baba mai gyara komai ba, na ce dai ba za a haƙa lungun ba. Bai tambayi dalili ba. Ya ce dama ko an haƙa faci ne kawai, tsohon ƙarfen ya gama aiki. Abin da za a yi, a yanke shi tun daga bakin zaure, a toshe, a bar shi ya kwanta inda yake, a ja sabon na roba ta hannun dama har famfo. Ya dubi ramukan nan uku ya yi murmushi, ya ce Inna ta riga ta yi rabin aikin, haɗe su kawai za a yi. Sai dai ya ce in gaya mata gaskiya, daga ranar lallen ba zai ƙara samun ko ɗigo daga ƙasa ba. In tana so, zai ja mata ɗan reshe ta saman ƙasa, ya sa ƙaramin famfo a bakin lungun.

Na kai mata saƙon. Ta murza ƙwayar wake tsakanin yatsu. Sannan ta ce, “A'a. Ƙarfe ya yi nashi. Hannuna bai mutu ba.”

Kwana biyu aka yi ana aikin. Baba mai gyara ya ɗaga wani ɗan murfin siminti a bakin titi, ya zuba baƙin mai a kan makullin ruwan da tsatsa ta kama, ya jira, ya murɗa da sifana har ya rufu. Mai haƙa ya buɗe bakin zaure, ga tsohon bututun kwance, ja kamar gwangwanin da ya shekara a bola. Da zarto ya ratsa shi, Baba ya nuna mini cikinsa, tsatsa ta cike shi har ɗan ƙaramin yatsana bai shiga ba. Ya feƙe itace ya cusa a bakin wanda ya nufi lungun, ya shafe da siminti, ya daɗe yana lailaya shi da tafin hannu fiye da yadda aikin ke buƙata. Sannan aka haɗe ramukan suka zama doguwar hanya ɗaya mai zurfin gwiwa, aka shimfiɗa yashi a ƙasanta, aka jera fararen bututun roba, yana shafa gam a kowace mahaɗa yana turawa yana riƙewa yana ƙirga numfashi. Na ce a rufe mana mu huta da ƙura. Ya ce ba a rufe rami sai ruwa ya ba da shaida.

Lahadi da safe, wata ranar ruwan, famfo ya yi tari. Ya yi shaƙuwa, ya tofar da iska, sai ga ruwa da ƙarfin da rabona da ganinsa tun ina 'yar makaranta, har yana ture bokiti. Baba ya bi layin a tsugune yana shafa kowace mahaɗa da busasshen tsumma yana dubawa. Babu danshi ko ɗaya. Ya ce wa mai haƙa ya rufe. Inna ta cika randuna, ta cika tukwane, ta ba su fura mai sanyi, ta ƙulla wa mai haƙa garin lalle ya kai wa iyalinsa Bilbis.

Na kira Yaya na kara wayar a bakin famfo ya ji da kunnensa. Ya yi hamdala, ya ce a ba shi Inna. Ina jin muryarsa yana cewa to, tunda an gyara ya janye, amma ko wata guda ta zo ta yi musu, ta huta, a duba gwiwar.

Ta ce, “In na taho, wa zai ba lalle ruwa?”

Ya yi dariya. “Lalle kuma, Inna?”

Ta miƙo mini wayar, ta ce in ce masa tana gaida yara. Daga baya ta ja mini kunne kada in gaya masa, a bar shi da girmansa. Na riƙe shekara biyu, sai ita da kanta ta ce in na ga dama in faɗa. Yaya, in wannan ya iso gare ka, ka yi haƙuri, an rage maka muƙami.

Na ƙara kwana huɗu a gidan. A kwana na uku ƙasar lungun ta fara tsagewa, ganyen saman lallen ya yi laushi da rana. Inna ta samo tsohuwar butar mahaifina ta ƙarfe. Duk bayan salla sai ta cika ta, ta ɗingisa da gurjajjiyar gwiwarta, ta tuɓe takalmi a bakin lungu, ta tsuguna ta zuba a hankali don kada ƙasa ta zaizaye. Sau biyar a rana, a gaban kowa, ko da baƙi a gidan. Na ce ta bari in ɗaukar mata, ta ce in je in nemi aikin yi.

Ranar da zan koma Tsafe na shirya da wuri don in samu motar hantsi. Na sa ɗan jan takalmina a jaka, na durƙusa na yi mata sallama, ta sa mini albarka, ta ba ni ƙullin kuka da daddawa. Na kai bakin zaure ke nan na ji ta kira ni. Na juyo, tana tsaye a bakin famfo, ta cika butar, tana miƙo mini.

“Za ki tahi ba ki sallami yayarki ba?” ta ce.

Na ajiye jakar, na karɓi butar, na tuɓe takalmina.